Fanon da Ke Mutuwa a Hannun Nafissa

Maganar daga bakin famfo ta taso, kafin ta iso kunnen Madan Lubabatu kuwa ta zaga Bande ta yi ƙiba. Wai Nafissa, 'yar ƙanenta, farar ƙafa gare ta, irin matan nan da in sun shiga gida arziki ke sulalewa ta bayan ɗaki. Wai tun da ta tare a gidan Faruku motonsa mai ƙafa biyu ya buga inji, ragon da ya turke don layya ya kumbura sai da aka sa masa wuƙa. Abin da ya fi yi wa mutane daɗin faɗa shi ne na fano, allon nan na sola da Faruku ya ɗora a kan rumfar tsakar gidansa don fanka da cajin salula. Yana aiki lafiya lau, in ji su, ranar da Nafissa ta hau ta share shi, daga nan ya fara ciwo har ya mutu.

Lubabatu ta daɗe tana koyarwa a lakwal, makarantar boko, kafin ta aje aiki, shi ya sa har tsofaffi Madan suke ce mata. Rabin magidantan garin ta taɓa murɗa musu kunne, Faruku na cikinsu. Da maganar ta tsaya a bakin famfo, da ko tsaki ba za ta ɓata a kanta ba. Amma wata ranar Laraba Nafissa ta yi sallama da jaka a ka, idanunta a kumbure. Faruku ya yi mata saki ɗaya. Mahaifinta ya rasu, uwarta na aure a Dantchiao, gidan goggonta ne gidansu.

Saki ɗaya ne, in ya so yana iya mayar da ita da baki kawai kafin idda ta cika. In ta cika kuwa sai an sake ɗaura aure, kuma duk Bande an san Ƙande, uwar Faruku, ba za ta bari a sake shimfiɗa wannan tabarmar ba.

"Ke kina son komawa?" Madan ta tambaye ta. "Ni dai na san shi tun yana majina, ban ga abin kuka a jikinsa ba."

"Goggo, ni ɗakina nake so. Shi ma ba da son ransa ya yi ba, da zai faɗa sai da ya juya mini baya."

Washegari Madan ta ɗauki sandarta ta nufi gidan Ƙande. Ta same ta a gindin rumbu tana tsince wake a faifai. Tare suka yi 'yammatanci, don haka gaisuwar ba ta yi tsawo ba.

"Ƙande, me yarinyar nan ta yi muku?"

"Ba ta yi komai ba, Madan. Ladabi gare ta, tuwonta ba gudaji. Abin da aka haife ta da shi ne. Ba laifinta ba ne, amma ba za mu zauna ya cinye mu ba."

"Moton ɗanki tun da aka sayo shi ba a taɓa yi masa bidanji an canja masa mai ba, baƙin man da ya zo da shi ne a ciki har ya buga."

"Ni na san inji?"

"Ragon kuma leda aka ciro a tumbinsa, har da igiyar buhu. Mahaucin da kansa ya nuna mini."

"To fanon fa? Shi ma leda ya ci?"

Madan ta buɗe baki ta rufe. Ƙande ta ci gaba da tsintar wakenta tana murmushi, don ba kullum ake ganin haka ba.

"To ji nan," Madan ta ce. "Zan sayo fano sabo. Nafissa ce za ta haɗa shi da hannunta, ita za ta ɗora shi kan rumfata, ita za ta riƙa share shi. Ni ko yatsa ba zan sa ba, baki kawai zan sa. In ya yi aiki fa?"

"In ya yi aiki har ya wuce inda na yaron nan ya kai, ni da kaina zan ce ya je ya ɗauko ta."

"Faruku, na san kana cikin zaure, ina ganin ƙafarka. Ka ji?"

"Na ji, Madan," aka amsa daga zaure, murya ƙasa-ƙasa.

Ranar kasuwar Magariya ta shiga motar safe. Shagon Ƙasimu ta nufa, mai sayar da kayan sola da yake shigowa da su ta kan iyaka. Ya ga tsohuwa da sanda da gilashi, ya ɗauka kasuwa ta faɗa masa.

"Wannan na Jamus ne, Hajiya, shekara da shekaru bai gajiya."

Ta juya fanon, ta gyara gilashinta, ta karanta ɗan rubutun da ke baya.

"Jamus ɗin ta tashi ta koma ƙasar Sin ne ban ji labari ba? Kuma ban je Makka ba, Madan ake ce mini. Fito da shi rana, ka sa abin awonka in gani."

Ya fito da shi, allurar ta tashi yadda ya kamata. Ta sa ya auna batir ma a gabanta. Ta sayi regilatar, ɗan akwatin nan da ke zama tsakanin fano da batir yana hana caji wuce kima, ta sayi waya ja da baƙa, da fanka ƙarama, da ƙwan fitila. Ƙasimu ya ce zai haɗa ta da mai haɗawa, ta ce tana da mai haɗawa a gida.

"Wane ne? Ko na san shi?"

"Mace ce."

Ya yi dariya har da dafa kanta. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce ya naɗe mata fanon da kwali. A mota a kan cinya ta riƙe shi har Bande, tana faɗa da duk wanda ya jingina.

Rumfar Madan ta kara ce, a tsakiyar gida, nan take wuni tunda bazara ta shigo ɗaki ya zama tanda. Ta so a ajiye fanon ƙasa inda idonta zai riƙa kai wa, amma awakinta ba abin da ba su hawa, kuma katanga da dogon yaron maƙwabci sun cinye ranar tsakar gidan. Dole sai sama. Ita kuwa gwiwoyinta sun daɗe da yi mata tawaye, ko salla a zaune take yi, bare hawan tsani.

Ta zauna a kujera da takardar da ta zo cikin kwalin regilatar, tana karanta Faransancin tana fassarawa. Nafissa ta tsuguna a tabarma da reza da filaya.

"Fere bakin wayar, kada ki yanke gashin cikin. Ya isa. Batir ake fara haɗawa da akwatin, fano daga baya. Ja wajen alamar ƙari, baƙa wajen ragi."

Garin juya batirin, bakin ja ya gogi na baƙa. Tartsatsi ya tashi, Nafissa ta yi wurgi da filaya ta ja baya har tana ture buta.

"Kin gani ko, Goggo?"

"Na gani. Kin haɗa baki biyu. Ko liman ne ya haɗa su sai sun yi tartsatsi. Ɗauko filayarki."

Da katakon wani tsohon gado Nafissa ta buga wa fanon mazauni, ta buge yatsa, ta lanƙwasa ƙusoshi, ta sake. Suka aro tsani. Ta ɗaure zani tamau ta hau, ta jawo fanon da igiya, Madan na ƙasa tana ba da umarni ga abin da ba ta gani.

"Ki ɗan kishingiɗar da shi, fuskarsa kudu. Kaɗan fa, ba jingine shi za ki yi kamar allo ba. Ki ɗaure kusurwoyin da waya, iskar farkon damina ba ta tambaya."

Batirin aka sa cikin wani tsohon akwatin ƙarfe a inuwa, aka huda masa kafofin shan iska. Aka rataya ƙwan fitila a azara, aka dasa fanka a kan turmin da aka kife. Nafissa ta yi bisimilla ta danna. Fanka ta ɗan yi jim, sannan ta ɗauka, gefen mayafin Madan ya tashi.

Kafin la'asar gidan ya cika da mata. Wasu sun zo shan iska, wasu sun zo da salula a ƙulle a bakin zani. Ƙande ma ta zo, ta zauna daidai gaban fankar, ta buɗe wuyan rigarta.

"Madalla. Na yaron nan ma haka ya fara."

Da aka watse Madan ta ce wa Nafissa, "Daga yau amanarki ce. Kullum da safe ki hau ki goge shi. Ki kula da shi kamar idonki."

"In Allah ya so ko ƙuda ba zai sauka a kai ba, Goggo."

Kwanaki kaɗan aka yi ana shan iska. Daga nan fanka ta fara juyi kamar mai jin barci, fitila ta koma ja, wata safiya akwatin regilatar ya kunna jar wuta ya yanke komai. Abin da ya fi ɗaure wa Madan kai, 'yar koriyar wutar da ke nuna fano na haɗe tana nan a kunne.

"Ki hau ki duba, ko waya ta kwance."

Nafissa ta hau ta sauko. "Tana nan daram."

"Datti fa?"

"Tas yake, Goggo. Kina iya duba fuskarki a ciki."

Aka kwance duk mahaɗan ƙasa aka sake ɗaurewa. Ba canji. Madan ta ce to batir ne, Ƙasimu ya cuce ta. Ta ɗora shi a moton haya, ta bi shi Magariya da faɗa a bakinta. Ƙasimu ya yi masa caji, ya auna, ya juya mata abin awon ta gani da idonta.

"Batirinki lafiyarsa lau, Madan. Yunwa ce kawai, ba ya samun abinci."

Aka dawo da shi, fanka ta tashi, mata suka dawo, Madan ta hana cajin salula don a rage nauyi, aka yi mata gunaguni. Bayan 'yan kwanaki jar wuta ta sake kunnuwa.

Ta ce to fanon ne. Ranar kasuwar Bande Ƙasimu ya biyo da abin awonsa. Nafissa ta hau ta kwance fanon ta zuro shi da igiya, aka fitar da shi ƙofar gida aka shimfiɗa a rana. Allura ta tashi. Ƙasimu ya haɗa fanka kai tsaye, ta ɗauka da ƙarfi har tana neman faɗowa. Mutane sun taru, kowa ya gani.

"Kaya ba su da laifi," Ƙasimu ya ce. "Bari in hau in duba wurin."

"Ba mai hawa sai ita. Haka muka yi da mutane."

Wani daga cikin 'yan kallo ya matso ya yi masa raɗa. Ƙasimu ya dubi Nafissa, ya dubi fanon da ya gama shafawa, ya goge tafinsa a jikin riga yana motsa leɓe.

"Me kake karantawa?" Madan ta ce.

"Ba komai, Madan. Ai kin san akwai abin da ba a koyarwa a lakwal."

"Akwai. Shi ne wanda ka fi ƙwarewa a kai. Ɗauki jakarka."

Aka mayar da fano sama. Ya mutu kamar yadda ya saba.

Daga nan Madan ta shiga bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa yana aiki, a sama ba ya yi, to me ya raba ƙasa da sama? Ta ce tsawon waya ne, aka sayo mai kauri, Nafissa ta sake ferewa ta sake ɗaurewa har yatsunta suka yi kanta. Ba canji. Ta ce inuwar dogon yaron Hamma maƙwabcinta ce ke kaiwa can da yamma. Hamma ya ce reshen tun zamanin kakansa yake nan, ita ta ce kakansa bai san fano ba. Suka yi ta yi ta kan katanga har matarsa ta sa baki, daga ƙarshe aka sare reshen, gaisuwa ta mutu tsakanin gidajen biyu, fano bai tashi ba. Ta sa an sauya kishingiɗarsa, an mayar da shi kwance, an mayar da shi yadda yake. Ta karanta takardar regilatar har ta haddace ta, har gefen da aka rubuta da harsunan da ba ta ji ta bi da yatsa, ko an ɓoye wani abu a can.

Gari kuwa ya samu abin yi. A bakin famfo mata suka fara janye jarkokinsu in Nafissa ta matso. Wata da ta ba ta salula ta riƙe mata ta fizge abinta, wai ta tuna sabuwa ce. Faruku yakan wuce ta ƙofar gidan a ƙasa, ya rage tafiya daidai zaure yana kasa kunne, in bai ji ƙarar fanka ba ya ƙara sauri. Ƙande kuwa ta aiko wa Madan da mafici sabo, mai ado a baki, wai ta ji an ce ana zafi a gidan.

"Goggo, saura kaɗan fa," Nafissa ta ce wata safiya tana kallon ƙasa. Iddarta take nufi. "Ko a bari kawai? Wataƙila gaskiyarsu ne."

"Ba gaskiyarsu ba ne."

"To mene ne?"

"Da na sani da kin ji."

A ranar ne da hantsi Madan ta ajiye gilashinta a tabarma tana goge gumi. Nafissa ta zo shara, ta miƙa hannu za ta ɗauke shi kada tsintsiya ta taɓa. Madan ta riga ta. Wuf ta yi ta damƙe gilashin, kafin ma ta san ta yi. Nafissa ta tsaya da hannu a miƙe, ta dubi goggonta, sannan ta ɗauki jarka ta ce za ta famfo.

Madan ta zauna da gilashin a hannu, haushin kanta ya hana ta ko motsi. Ita ce da wannan? Ta dubi tsanin da ke jingine da rumfa. Ita ta kafa dokar ba mai hawa, ita ta yi alkawarin ba za ta sa yatsa ba. Amma duk abin da aka auna a ƙasa aka auna shi, wuri ɗaya ne tak idonta bai taɓa gani ba. Ta tuɓe takalma, ta ɗaure mayafi a ƙugu.

Matakin farko gwiwar dama ta yi ƙara. A na gaba ta tsaya ta yi salati. Tsanin na lilo, ƙarfen da aka ɗaure shi da shi ya yi zafi, rana na tsakiyar ka. Ta riƙa ɗaga ƙafa da hannu tana ɗorawa, tana zagin tsufa, tana zagin Ƙasimu, tana zagin wanda ya ƙirƙiro tsani. Da kanta ya wuce katanga ta hango matar Hamma a tsakar gidansu riƙe da ludayi, baki buɗe. Ba ta kula ta ba. Ta kama azara ta leƙa.

Atamfa ce shimfiɗe a kan fanon, shuɗiya mai zanen ganye, an ninka ta biyu, an ja ta sumul ba ko tattara, an danne kowace kusurwa da dutse.

Tana nan tsaye a kan tsani Nafissa ta shigo. Ta dire jarka har ruwa na fantsama, ta rugo ta riƙe ƙafar tsanin.

"Goggo, za ki faɗo."

"Mene ne wannan?"

"Wanne?"

"Wannan da ke kan fano."

"Zani ne, Goggo."

"Na san zani. Me yake yi a nan?"

"Ai ke kika ce in kula da shi. In na goge shi da safe sai in rufe, saboda ƙura da kashin tsuntsaye. Gilashi ne fa. Madubina ma a rufe yake, da kabet ɗin kwanoni, ke ma rediyonki da ƙyalle a kai. Na lefena ne na sa masa, ban sa tsumma ba."

"Ta ina rana za ta shiga?"

"Ai zafi yake sha, zafi kuwa zani ba ya hana shi. Ki sa hannu ƙarƙashi ki ji, ya fi ko'ina zafi."

"Wa ya ce miki zafi yake sha?"

"Kowa ya sani. Ba shi ya sa ake cewa bazara ce lokacinsa ba?"

Madan ta jingina goshi da azara. Ta so ta yi faɗa, numfashin bai isa ba.

"Na mijinki fa?"

"Shi zanin gado na sa masa. Na ga yadda ya sha wuya kafin ya same shi, kuma yana can sama ba mai duba shi."

"Duk tambayar da nake yi miki, ba ki taɓa cewa kina rufe shi ba."

"Ba ki tambayi wannan ba, Goggo. Cewa kike ko da datti."

Madan ta ture duwatsun, ta ja atamfar ta sako ta ƙasa. Saukowa ta fi hawa wuya, sai da Nafissa ta riƙa kama mata diddige tana ɗorawa a mataki. Da ta samu kujera ta sha ruwa, ta sa aka ɗauko 'yar fitilar hannu mai ɗan fano a baya, ta nuna wa Nafissa yadda wutar cajinta ke kunnuwa a haske, ta mutu in an rufe da tafi, ta sa ta kai ta kusa da murhu ta ga zafi bai tashe ta ba. Nafissa ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da atamfar.

Bayan la'asar jar wuta ta mutu, fanka ta tashi. Washegari ta wuni tana juyi, haka jibi, haka gata, fitila ta yi fari tas, har Madan ta ce a kawo salulolin. Ba wadda ta kawo. Matar Hamma ta riga ta kai labari famfo: an ga Madan da tsakar rana a kan rumfa, tsohuwar da ko salla a zaune take yi, tana ɗaure wani abu. Wasu suka ce laya ce, wasu suka ce rubutu ta yayyafa, wasu suka ce ba komai, hannunta ne kawai ya karya na yarinyar.

"Goggo, don Allah kada ki faɗa," Nafissa ta ce. "In kika faɗa za su ce ai dama sun faɗa, hannuna ne. Kuma har in mutu sunana wadda ta yi wa fano lulluɓi."

"In ban faɗa ba sunana mai laya, ke kuma kina nan yadda suka ce."

"Ki ce waya ce ta kwance."

"An canja waya a gaban rabin gari."

"Ki ce wani abu dai."

Madan ta sa aka kira mata Faruku da uwarsa.

Suka zo da yamma, rana ta yi sanyi. Ƙande ta zauna inda ta zauna wancan karon. Faruku ya tsuguna a bakin rumfa, ya cire hula, yana kallon fankar. Nafissa ta kawo ruwa ta koma gindin murhu ta juya musu baya.

"To ga shi," Madan ta ce. "Yana aiki, ya kuma wuce inda naku ya kai."

"Yana aiki," in ji Ƙande. "Amma cewa kika yi ko yatsa ba za ki sa ba. Sai ga shi an gan ki dungurungum a sama, da gwiwoyin da kike cewa ba su kai ki gaisuwar mutuwa."

"Na hau."

"To magana ta tashi. Ni ban ce kin yi wani abu ba, mutane ne ke faɗa. 'Yan lakwal ma ashe sun san hanya."

"Ƙande, da ina da layar da ke tayar da batir, da ba a Bande nake zaune ba."

"Ai shi ya sa kike ɓoyewa."

Faruku ya gyara tsuguno. Ya yi gyaran murya kamar zai ba da hadda.

"Inna, bari in yi magana. Madan, ni fanona yana nan, na sauko da shi yana bayan ɗaki, ban sayar ba. Ki faɗa mini abin da kika yi a sama. In magani ne, ba zan ɗauke ta ba, don maganin a gidanki zai zauna, mu mu koma yadda muke. In kuwa abu ne da ni ma zan iya hawa in yi a gidana, ta haɗa kayanta yanzu, na mayar da ita. Inna, kin ji na faɗa a gabanki."

Ƙande ta taɓe baki, amma ba ta ce a'a ba. A gindin murhu Nafissa ta daina hura wuta. Madan ta dubi bayanta, ta dubi Faruku, ta gyara gilashinta.

"Zani na cire," ta ce. "Kullum in ta goge shi sai ta rufe shi da atamfa don kada ya yi datti. Naka ma haka ta yi masa, da zanin gado. Fano haske yake ci, ba zafi ba."